Ba a Barlin Aka Ja Layin da Ya Raba Katsina da Maraɗi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina neman alfarmar fili domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sharhi a duk lokacin da aka rufe wata kan iyaka, ko rikici ya ɓarke tsakanin ƙasashe maƙwabta. Maganar ita ce wai Turawa sun zauna a birnin Barlin, sun shimfiɗa taswira, sun ɗauki rula sun yayyanka Afirka a zama ɗaya. Ba na musun zaluncin da ake nufi da wannan magana, sai dai yadda ake faɗinta ya taƙaita tarihin fiye da kima, har ya ɓoye mana abin da ya fi ciwo a cikinsa, ya kuma ba shugabanninmu na yau wata mafaka da ba su cancanta ba.

An buɗe taron Barlin ranar 15 ga Nuwamba 1884, aka rufe shi ranar 26 ga Fabrairu 1885, bisa gayyatar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus. Ƙasashe 14 ne suka halarta, har da Amurka da Turkiyya, kuma babu ɗan Afirka ko ɗaya da aka gayyata. Abin da suka rattaba wa hannu ya shafi zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwara da kogin Kwango, da 'yancin ciniki a yankin Kwango, da sharaɗin cewa duk ƙasar da ta kama sabon wuri a gaɓar teku sai ta sanar da sauran, ta kuma kafa iko na zahiri a can. A gefen taron ne Sarki Leopold na Beljiyam ya samu aka amince masa da mallakar Kwango. Ƙa'idojin watanda kawai aka shimfiɗa a Barlin. Yankan naman da kasafta shi sun biyo baya ne, a cikin shekaru fiye da 30, ta hanyar yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe bibbiyu, kowace da irin cinikin da aka ƙulla a bayanta.

Mu ɗauki iyakar da ta fi shafar masu karanta wannan jarida, wato wadda ta ratsa ƙasar Hausa da Barno ta raba Nijeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Sai da aka yi ta ja ana gogewa kafin ta zauna inda take a yau. Zanen farko shi ne na 5 ga Agusta 1890, lokacin da Ingila da Faransa suka amince da layi daga garin Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, da sharaɗin cewa duk abin da yake na Daular Sakkwato ya faɗa ɓangaren kamfanin Ingila na George Goldie. Hujjar kamfanin ita ce takardun da wakilinsa Joseph Thomson ya ce ya ƙulla da Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu a 1885, takardun da fadar Sakkwato ba ta taɓa ɗaukarsu a matsayin sallama ƙasa ba, illa izinin ciniki. A wannan lokaci babu sojan Ingila ko ɗaya a Kano ko Sakkwato, domin sai a 1903 dakarun Lugard suka ci waɗannan birane. An raba ƙasar a takarda shekara 13 kafin a ci ta da yaƙi. Lord Salisbury, firaministan Ingila na lokacin, da bakinsa ya faɗa cikin raha a wannan shekara ta 1890 cewa sun yi ta ja wa juna layuka a wuraren da ƙafar Bature ba ta taɓa takawa ba, suna yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ya ɗan kawo musu cikas shi ne ba su san takamaiman inda duwatsun da kogunan suke ba.

Faransawa ba su daɗe ba suka gane an yi musu wayo. Hafsansu Monteil, wanda ya bi ta Say da Sakkwato da Kano da Kukawa tsakanin 1891 da 1892, ya koma da labarin cewa kamfanin Ingila ba shi da wani iko a waɗannan wurare, kuma akwai ƙasashe da dama da ba sa bin Sakkwato. Aka koma kan tebur a birnin Paris, inda ranar 14 ga Yuni 1898 aka fito da wani zane da ya fi na farko ban mamaki. An ɗauki tsakiyar birnin Sakkwato a matsayin cibiya, aka zana baka mai nisan mil 100 ta arewa da shi, sannan aka ci gaba da miƙaƙƙun layuka zuwa gabas, a gangara kudu, a sake haurawa arewa, har zuwa Tafkin Chadi. A wannan zane Birnin Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi duk suna ɓangaren Ingila ne. Da ma'aikatan ofishin harkokin waje a Landan da Paris sun tsaya a nan, da yau Bamaraɗe ɗan Nijeriya ne.

Abin da ya hana su tsayawa shi ne rijiyoyi. Bakan nan ya tura hanyar Faransawa daga Kwara zuwa Damagaram can arewa, cikin ƙasar da ba ta da isasshen ruwan da zai ɗauki ayarin soja da dabbobinsu. Rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi Voulet da Chanoine, wadda ta taso a 1899 da nufin kaiwa Tafkin Chadi, ba ta damu da layin ba, ta kutsa ta cikin yankin da aka ce na Ingila ne, ta yi artabu da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta bar gawawwaki da rijiyoyin da aka ɓata a duk inda ta bi. A watan Yuli na wannan shekara Faransawa suka shiga Damagaram, amma matsalar hanya tana nan, suka ci gaba da matsa wa Ingila lamba a kan a sake zane.

Ina roƙon mai karatu ya dubi abin da Ingila ta karɓa kafin ta yarda. Tun 1713 masuntan Faransa ke da haƙƙin kamun kifi da shanya shi a wani ɓangare na gaɓar tsibirin Newfoundland, can gabashin Kanada, abin da ya daɗe yana damun Ingila. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, wadda a cikinta ne kuma Faransa ta sakar wa Ingila Masar ita kuma Ingila ta sakar mata Maroko, Faransa ta haƙura da wannan tsohon haƙƙi na gaɓar teku. A madadinsa aka ba ta tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da garin Yarbutenda a kan kogin Gambiya, aka kuma gangaro da iyakar ƙasar Hausa kudu domin ta samu hanya mai ruwa. Ke nan makomar Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi, da harshen da jikokinsu za su yi karatun boko da shi, da kuɗin da za su riƙa kashewa, duk an ƙulla su ne da rigimar wurin shanya kifi a wani tsibiri mai sanyi da ba su taɓa jin sunansa ba. A ganina wannan ya fi labarin rula da taswira muni, domin yana nuna cewa mutanen sun san abin da suke yi, sun auna, sun yi ciniki, kuma a ma'auninsu al'umma guda ba ta fi ƙarin da ake yi wa mai saye ba.

An ƙara daidaita layin a yarjejeniyar 1906, sannan tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi shi da ƙafa daga 1906 zuwa 1908, tana kafa alamomi 148, tana tambayar sarakuna da dagatai wa suke kai wa haraji. Wannan tambaya ta kawo mu ga abin da masu sharhi ba su cika son ambata ba. A wasu wurare layin ya bi wata tsohuwar ɓaraka da ke tsakaninmu tun kafin zuwan Bature. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi wajen 1819, Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma daga waɗannan garuruwa aka shafe shekaru ana kai hare-hare cikin ƙasar Katsina da Zamfara, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Damagaram kuwa Barno take bi tun asali, kuma ta gwabza da Kano a ƙarshen ƙarni na 19. Da wannan tarihi Faransawa suka kafa hujjar cewa waɗannan ƙasashe ba na Sakkwato ba ne. Saboda haka duk wanda ya ce kafin Turawa ƙasar Hausa dunƙulalliya ce da ba ta san iyaka ba, bai faɗi daidai ba.

Sai dai iyakar dā da ta Bature ba iri ɗaya ba ce. Ta dā daji ce mai faɗi tsakanin masarautu, da ribaɗi a bakinta, tana matsawa gaba ko baya gwargwadon ƙarfin sarki, kuma mulki a kan mutane yake, wato wanda ya yi mubaya'a ya kai gaisuwa, fiye da a kan taƙi ko kamu na ƙasa. Madugu yana biyan fito ya wuce da ayarinsa, ayarin gishiri yana gangarowa daga Bilma har Kano, makiyayi yana bin damina arewa ya dawo kudu da rani, almajiri yana zuwa gabas neman karatu ba mai tambayarsa takarda. Layin Bature shi ne ya juya wa mutane fuska: na kudu suka fuskanci Legas da Landan, na arewa suka fuskanci Dakar da Paris, har ma a 1926 Faransa ta ɗauke hedikwatar mulkinta daga Damagaram ta mayar Yamai.

Haka aka yi a sauran wurare, kowane da nasa cinikin. A Adamawa, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta zagaye Yola da ɗan baka ta bar wa Ingila fadar Lamiɗo, mafi yawan ƙasarsa kuwa, su Garwa da Marwa da Ngaundere, ta faɗa hannun Jamus. Barno ta kasu tsakanin Ingila da Faransa da Jamus bayan an kashe Rabe a Kusuri a 1900. Bargu ta tsage biyu a 1898, Busa ga Ingila, Nikki ga Faransa, bayan tseren da Lugard ya yi da Decoeur na Faransa a 1894 don kowa ya riga ɗan uwansa samun sa hannun sarkin Nikki. Gambiya ba komai ba ce illa kogi da ɗan zirin ƙasa na kimanin kilomita 10 a kowane gefensa, kamar yadda aka tsara a 1889. A kudancin nahiyar, Jamus ta karɓi zirin Caprivi a yarjejeniyar 1890, wadda a cikinta ta samu tsibirin Heligoland na Turai ta kuma bar wa Ingila Zanzibar, da burin ta kai ga kogin Zambezi ta bi shi zuwa gabas, alhali gangaren ruwan Victoria ya tare hanyar jirgi. Somaliyawa kuwa kashi biyar aka yi musu.

Akwai kuma iyakokin da ba a ma yi su don su zama na ƙasa da ƙasa ba. Yawancin layukan da ke tsakanin ƙasashe rainon Faransa iyakokin larduna ne da wani gwamna ke iya sauyawa da takarda ɗaya. An ƙirƙiri Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau, a 1919, aka rushe ta a 1932 aka rarraba wa maƙwabta, aka sake dawo da ita a 1947. Da 'yanci ya zo a 1960, waɗannan layuka na ofis suka wayi gari sun zama iyakokin da soja ke mutuwa a kansu, kamar yadda Mali da Burkina Faso suka yi yaƙi a kan zirin Agacher a Disambar 1985.

Yanzu sai tambayar da ta fi wuya, wato me ya sa ba a gyara ba bayan tafiyar Turawa. An yi tunanin haka. Taron al'ummomin Afirka da Nkrumah ya karɓi baƙuncinsa a Accra a 1958 ya yi tir da waɗannan iyakoki, ya nemi a soke su ko a daidaita su. Amma a watan Yuli na 1964, a birnin Alƙahira, shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka yanke shawarar kowace ƙasa ta mutunta iyakar da ta gada ranar samun 'yanci, Maroko da Somaliya ne suka ƙi yarda. Mutane da yawa suna ganin wannan a matsayin gazawa. Ni dai ina ganin sun yi hangen nesa, domin duk mai son a sake zane sai ya fara gaya mana taswirar wace shekara za a koma. Ta 1800, kafin jihadi? Ta 1850? Ko ta 1895, lokacin da Rabe ke zaune a Dikwa? Kowace shekara aka zaɓa, akwai wanda zai ce an ci ƙasar kakansa. Waɗanda suka gwada gyara da bindiga, irin su Somaliya a Ogaden a 1977 da Libiya a zirin Aouzou na Chadi, ba su ƙaru da komai ba sai asarar rayuka. Sudan ta Kudu ma, wadda ta ɓalle a 2011 bisa ƙuri'ar jama'arta, ba ta cika shekara uku ba ta faɗa yaƙin basasa.

Wannan zaɓi yana da tsadarsa, kuma Nijeriya ta biya. Lokacin da Kotun Duniya ta yanke hukuncin Bakassi ranar 10 ga Oktoba 2002, ta dogara ne da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, ta ture hujjar cewa yankin na sarakunan tsohuwar Kalaba ne. A wannan hukunci ne kuma Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Tafkin Chadi, inda masunta da manoma 'yan Nijeriya suka bi ruwa yana janyewa suka zauna, suka koma Kamaru bisa takardun Ingila da Faransa na 1919 da 1931. Abin takaici ne ƙasashe biyu masu 'yanci su je gaban alƙali kowace tana riƙe da takardar wanda ya mallake ta, amma hakan ya fi yaƙi sauƙi, kuma an miƙa Bakassi a 2008 ba tare da an gwabza ba.

Inda nake da ja da shugabanninmu shi ne a nan: amincewa da layi daban, mayar da shi katanga daban. A zamanin mulkin mallaka ma'aikatan da ke tsaron doguwar iyakar Nijeriya da Nijar ba su taka kara sun karya ba, har talakawa suka mayar da ita abin amfani. Wanda aikin tilas ko ɗibar soja ta Faransa ta dama sai ya tsallako kudu da iyalinsa, kuma gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911. Rufe iyaka ruf na watanni da shekaru aikin gwamnatocinmu ne. An rufe daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin da fari ya addabi yankin, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, aka rufe kuma, aka yanke wutar lantarki, aka bar motocin kaya jere a Illela da Jibiya da Maigatari, har zuwa farkon 2024. Hukumomin Yamai su ma ba su da bakin magana, domin sun ci gaba da toshe iyakarsu da Benin bayan an ɗage takunkumin. Ba na raina matsalar safarar makamai da fetur, amma mai safarar makamai ba ta bakin shingen kwastan yake bi ba. Wanda rufewar ke kamawa shi ne mai buhun albasa, da mai kora 'yan awaki kasuwa, da matar da za ta je ta'aziyya gidan iyayenta a ƙauyen da ake hango rufin ɗakunansa daga wannan gefe.

Yanzu da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, yarjejeniyar 1979 da ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza ta koma tana tsaye a kan alfarma, ba a kan doka mai ɗaurewa ba. Jihohi bakwai na Nijeriya ne ke maƙwabtaka da Nijar: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Ya kamata gwamnoni da sanatoci da sarakunan waɗannan jihohi su matsa a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, a kuma ƙulla yarjejeniya ta kai tsaye tsakanin ƙasashen biyu da za ta ba mazauna bakin iyaka, da makiyaya, da ƙananan 'yan kasuwa damar wucewa ko da gwamnatoci sun yi hannun riga. In ba haka ba, layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai ƙare ne a bakin ƙofar da kowane saɓanin siyasa ke iya garƙamewa.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne wannan jarida ta nemi masana tarihi na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram su fassara yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906 zuwa Hausa, a buga su kashi-kashi tare da taswirar kowane zane, sannan a tura wakilai garuruwan da ke ɓangarorin biyu su ji ta bakin mutanen da ke kwana da tashi a kan layin.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta wannan jarida a kullum.